Tambayoyi da Amsoshi kan Tsoffin Zane-zanen Launin Ruwa na Majami'u da Kangayen Ingila

Duk wanda ya taɓa duba kundin gwanjon kayan da a Birtaniya, ko ya shiga ɗakin adana zane-zane na wani gidan tarihi a can, zai lura da wani nau'in zane da ba ya ƙarewa: takarda da ba ta fi faɗin babban littafi ba, an zana hasumiyar coci ko kangon gidan ibada a kanta da launi mara kauri. Mafi yawansu an yi su ne daga wajen 1760 zuwa 1860. Ga amsoshin tambayoyin da mai son fahimtar su, ko mai niyyar sayen ɗaya daga cikinsu, ya fi yawan yi.

Mene ne zanen launin ruwa, kuma me ya raba shi da zanen fentin mai?

Launin ruwa garin launi ne da aka niƙa ya yi laushi ƙwarai, aka kwaɓa shi da ƙaro, sannan mai zane ya narkar da shi da ruwa ya shafa a takarda da burushi. Ƙaron kuwa shi ne dai wanda muka sani, na itacen dakwara, wanda ake jefawa cikin tawada domin ta kama allo. A ƙarni na 18 galibin ƙaron da Turai take amfani da shi daga yankin kogin Senegal yake fitowa, kuma darajarsa ta kai har Ingila da Faransa suka riƙa gwabzawa kan tashoshin cinikinsa, ko da yake masu buga atamfa ne suka fi shan sa, rabon masu zane kaɗan ne.

Babban bambancinsa da fentin mai shi ne ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa. Farin da ake gani a zanen, ko na gajimare ne ko na hasken da ya ratso ta taga ya faɗi a kan ginshiƙi, farin takardar ce da kanta, wadda mai zane ya kewaye ya bari bai taɓa ba. Saboda haka ana fara aiki da launi mai haske, a jira ya bushe, a ƙara wani a kansa, har a kai ga mafi duhu, kuma wanda ya yi kuskure da wuya ya iya ɓoye shi.

A wajen 1781 William Reeves na Landan ya fara sayar da launin a dunƙule kamar 'yan ƙananan sabulai, kamfanin Winsor & Newton da aka kafa a 1832 kuma ya fito da mai ɗan danshi wanda burushi yake ɗauka nan take. Wannan ne ya sa kayan aikin gaba ɗaya suka shiga aljihun riga, mai zane ya iya tafiya ƙauye da ƙafa ya zauna a kan dutsen kabari ya yi aikinsa.

Me ya sa coci-coci da kangaye suka fi komai yawa a waɗannan zane-zane?

Dalilin farko ya girmi masu zanen da shekara fiye da 200. Tsakanin 1536 da 1540 Sarki Henry na Takwas, bayan ya ɓata da Paparoma, ya rufe gidajen 'yan zuhudu na Ingila da Wales, wajen 800, ya ƙwace dukiyarsu. Aka kwashe darmar da aka yi rufi da ita aka narkar, aka sauke ƙararrawa, mutanen gari kuma suka riƙa jidar duwatsun suna gina gidajensu. Manyan gidaje irin su Tintern da aka kafa a 1131, da Fountains da Rievaulx da aka kafa a 1132, suka zama kango, ruwan sama yana zuba a tsakiyar wurin ibada, tsirrai masu yaɗo suna hawan bango.

A ƙarshen ƙarni na 18 ra'ayin masu hali ya juya, suka fara ganin kyau a cikin abin da kakanninsu suka ɗauka tarin duwatsu ne. Wani limamin coci mai suna William Gilpin ya buga littafi a 1782 kan tafiyarsa a kogin Wye, wanda ya jawo masu yawon buɗe ido zuwa Tintern. Shi ne ma ya ba da shawarar cewa da za a sa guduma a ɗan farfasa saman bangon, da kangon ya fi daɗin kallo, abin da ke nuna cewa tun farko ba kowa ne gaskiyar ginin ta dama ba. Daga 1793 zuwa 1815 kuma yaƙi da Faransa ya toshe hanyar Italiya kusan gaba ɗaya, sai 'ya'yan masu kuɗi da masu zane suka koma zagayen ƙasarsu.

Akwai kuma dalili mai sauƙi. A yawancin ƙauyukan Ingila coci ne gini mafi tsufa kuma mafi tsawo, a nan ake binne manyan gari, a nan tambarin zuriyarsu yake a sassaƙe. Wanda yake son rubuta tarihin yankinsa dole ya fara daga nan.

Su wa suke biyan kuɗin aikin?

Masu binciken kayan da ne kan gaba. Ƙungiyarsu ta Landan, wadda aka kafa a 1707, tana ɗaukar masu zane ta tura su su auna gine-gine su zana. Ban da ita akwai attajirai masu son tarihi: Sir Richard Colt Hoare ya sa John Buckler ya zana masa coci-cocin gundumar Wiltshire ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwan zane, Sir Richard Kaye, wanda babban limamin coci ne, ya riƙa yawo da Samuel Hieronymus Grimm ɗan ƙasar Switzalan, har zanen da ya yi masa suka haura 2,500, Dawson Turner, mai banki a Great Yarmouth, shi ya ɗauki nauyin John Sell Cotman zuwa yankin Normandi na Faransa a 1817 da 1818 da 1820.

Masu buga littattafai ma suna saye, domin a ba mai sassaƙa farantin jan ƙarfe ya kwaikwaya a buga. Wannan yana da muhimmanci ga mai saye a yau, saboda da yawa daga cikin zanen ba don a rataya su a bango aka yi su ba. An manna su ne a cikin manyan kundaye aka rufe, kuma irin waɗannan su ne launinsu ya tsira.

Su wane ne fitattun masu wannan zane?

Ya fi sauƙi a kasa su gida biyu, ko da yake wasu suna da ƙafa a kowane gida. Gidan farko na masu awo ne, waɗanda burinsu su nuna kowace taga da kowane layin dutse yadda yake. A nan ake samun John Carter, da Grimm, da John Buckler wanda ya rayu daga 1770 zuwa 1851 kuma ya ce da bakinsa ya yi zane fiye da 13,000, da ɗansa John Chessell Buckler, da Frederick Mackenzie. Aikinsu yakan zama siririn layin alƙalami da launi kaɗan, toka-toka da ruwan ƙasa, ba ya ɗaukar ido daga nesa.

Gida na biyu na masu neman haske da yanayi ne. Thomas Girtin da J.M.W. Turner, waɗanda aka haifa a shekara ɗaya, 1775, tun suna samari suke haɗuwa da dare a gidan likita Thomas Monro a Landan suna kwaikwayon zanen magabata. Girtin ya zana babban cocin Durham da kangayen Kirkstall da Jedburgh, ya rasu a 1802 yana ɗan shekara 27. Turner ya fara ne da koyon zanen gine-gine, kuma zanensa na Tintern na 1794, inda mai kallo yake tsaye a tsakiyar kangon yana hangen tagar gabas ta cikin bakunan gini da ganye ya lulluɓe, yana nuna hannun da ya san awo kafin ya koyi yin wasa da shi. Cotman, ɗan garin Norwich, yana shimfiɗa launi fili-fili ba tare da yawan inuwa ba, har bango ya zama kamar an yanko takardu masu launi an jera. Bai sami kasuwa sosai ba a rayuwarsa, koyarwa ce ta ciyar da shi. Samuel Prout kuma ya shahara da coci-cocin Normandi da sauran biranen Turai, da karyayyen layinsa mai nuna dutsen da ya zaizaye.

Za a iya gaskata abin da aka gani a zanen, a ce haka ginin yake a lokacin?

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi, kuma amsarta ita ce a ɗauki kowane zane a matsayin mai ba da shaida a gaban alƙali: a saurare shi, amma a binciki wanda ya kawo shi da abin da zai samu. Masu zanen gida na biyu suna da dabarun da aka sani. Sukan ƙara wa ginshiƙai tsawo, su zana mutane ƙanana fiye da ƙima domin ginin ya yi kwarjini, su kawar da bukkokin talakawa da suka jingina da bango, su ƙara itace ko shanu inda takarda ta yi fili. Sau da yawa abin da aka yi a wurin zanen fensir ne kawai, launin kuwa sai bayan watanni a ɗakin aiki a Landan. Girtin ma, a farkon aikinsa, ya yi zanen wurare da dama daga zayyanar fensir ta wani mai binciken kayan da, James Moore, alhali shi kansa bai taɓa taka wuraren ba.

Kada kuma a ɗauka masu awo ba su da nasu laifin. Wani lokaci sukan cike abin da ya karye da abin da suke zaton yana nan a da, su mayar wa mutum-mutumi hancinsa, ko su share kujerun katako da allunan da aka ƙara daga baya domin ba sa son su. Irin wannan gyaran a takarda ya fi haɗari, saboda hannun da ya yi shi yana kama da na mai gaskiya.

Abin da masana tarihin gini suke yi shi ne su tara shaidu. Idan mutum uku da ba su kwaikwayi juna ba suka nuna ƙofa a bangon arewa, to akwai ƙofar. Sukan fifita zanen fensir na littafin aljihu a kan wanda aka kammala domin sayarwa, musamman idan akwai awo ko ɗan rubutu a gefe da ke cewa nan ja ne, nan ya tsage. Sukan kuma ƙirga abin da ake iya ƙirgawa, kamar yawan tagogi da bakunan gini, su gwada da abin da ya rage a tsaye. Abin mamaki shi ne sau da yawa zanen matar limamin ƙauye, wadda ba ta ƙware ba har ta san abin da ake cirewa, ya fi na gwani amfani ga mai bincike, domin ita duk abin da ta gani ta sa, har da murhun ɗumama ɗaki da bututun hayaƙinsa.

Akwai abubuwan da suka ɓace, sai a waɗannan zanen kaɗai ake ganin su?

Suna da yawa, kuma a nan ne darajar zanen take. A ranar Litinin ta bikin Ista a 1786 hasumiyar yamma ta babban cocin Hereford ta rushe ta tafi da fuskar ginin. A Salisbury, daga 1789, magini James Wyatt ya rushe hasumiyar ƙararrawa da ke tsaye ita kaɗai a harabar cocin, ya cire wasu ƙananan ɗakunan ibada biyu, ya jera kaburburan da a layi domin wurin ya yi tsaf. A Durham ma, inda Wyatt yake aikin gyara, an rushe babban ɓangare na ɗakin taron limamai a 1796. John Carter, wanda ya auna ɗakin ya zana shi kafin a taɓa shi, ya shafe shekaru yana caccakar Wyatt a rubuce, kuma lokacin da aka sake gina ɗakin a shekarun 1890 zanensa na cikin abin da aka dogara da shi.

A fadar Westminster da ke Landan, Charles Stothard ya kwafi zanen bango na ƙarni na 13 da aka gano a wani ɗakin sarki a 1819. Gobarar 16 ga Oktoba 1834 ta cinye mafi yawan fadar, kuma kusan duk abin da aka sani game da launin wannan bango daga takardunsa ne da na wasu 'yan kaɗan irinsa. Shi Stothard ɗin a bakin aiki ya rasu: a 1821 ya faɗo daga kan tsani yana kwafar tagar gilashi mai launi a cocin Bere Ferrers da ke Devon, bai cika shekara 35 ba.

A Faransa, Roger de Gaignières, wanda ya rasu a 1715, ya riƙa yawo da mai zane suna kwafar kaburbura da tagogi, kuma juyin juya halin 1789 ya lalata da yawa daga cikin abin da suka kwafa.

Sai dai abin da ya fi canza coci-cocin Ingila ba gobara ba ce, gyara ne. Daga wajen 1840 aka shiga gyaran dubban majami'u da sunan mayar da su yadda suke a da. Aka kankare shafen bango, wani lokaci har da tsohon zanen da ke ƙarƙashinsa, aka fitar da kujerun da aka kewaye da katako kamar akwati, aka canza tagogi, aka sake rufi. Abin ya kai William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsoffin gine-gine a 1877 domin a dakatar da shi. Saboda haka zanen cikin cocin ƙauye da aka yi a 1820, komai rashin kyansa, yana iya zama shi kaɗai ne shaidar yadda ɗakin yake kafin a shiga da guduma.

Yaya mai zane yake samun daidaiton awo a babban gini?

Wasu da igiyar awo da tsani suke yi, su rubuta lambobi a gefe. Wasu kuma suna amfani da na'urar madubi. A 1806 William Hyde Wollaston ya yi rajistar wata 'yar na'ura mai gilashi a kan sanda, wadda idan mutum ya leƙa zai ga ginin kamar yana kwance a kan takardarsa, sai ya bi layin da fensir. Cornelius Varley ya yi rajistar irinta mai hangen nesa a 1811, kuma Cotman ya yi amfani da irin wannan kayan a Normandi.

Mai kallo zai iya gane zamanin ginin daga zanen?

Zai iya, idan ya dubi bakin ƙofa da na taga, wato abin da maginanmu suke kira bakan gizo. Idan bakan zagaye ne kamar rabin faifai, ginshiƙan kuma masu kauri, ginin na zamanin Normawa ne, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kamar Durham da aka fara a 1093. Idan bakan mai tsini ne, tagogin dogaye siraru, to ƙarni na 13 ne, kamar Salisbury da aka fara a 1220. Daga baya saman tagogi ya cika da sassaƙa mai lanƙwasa, a ƙarshe kuma layukan suka miƙe tsaye daga ƙasa har sama. Thomas Rickman ne ya tsara wannan rabe-rabe a 1817, kuma har yau da shi ake aiki. Coci ɗaya yakan haɗa zamani uku ko huɗu.

Yaya ake bambance zanen hannu da wanda aka buga aka shafa masa launi?

Nan ne sabon mai saye ya fi faɗawa rami, domin an buga dubban hotunan coci da farantin jan ƙarfe, aka ba yara da mata suka shafa musu launin ruwa da hannu, kuma daga nesa ba su da maraba da na asali. Abu na farko a duba gefen takardar ta hanyar karkata ta ga haske: bugun faranti yakan bar wani ɗan lotsawa mai kusurwa huɗu kewaye da hoton. Na biyu a sa gilashin ƙara girma a kan inuwa. A zanen hannu za a ga launi ya kwanta cikin ramukan takarda, da ɗan layi mai duhu a bakin inda ruwa ya tsaya ya bushe, da sawun fensir yana ƙyalli a ƙarƙashi. A bugu za a ga ƙananan ƙwayoyi kamar an watsa gari, idan kuma bugun zamani ne, ɗigo-ɗigo a jere kamar na jarida. Na uku a karanta ƙasan hoton: idan akwai suna a hagu da "del." a bayansa, wani suna kuma a dama da "sculp.", to gajerun kalmomin Latin ne masu nufin wane ya zana, wane ya sassaƙa, kuma abin da ke hannu bugu ne. Bugun ma yana da nasa daraja, amma ba kuɗinsu ɗaya ba.

Idan babu kwanan wata fa, yaya ake sanin shekarunsa? Sa hannu ya isa hujja?

Takardar ce take fara magana. Kafin tsakiyar ƙarni na 19 da tsummokin lilin da auduga ake yin ta, kuma idan aka ɗaga ta ga haske akan ga tambarin masana'anta a cikin jikinta. Wanda aka fi gani shi ne J WHATMAN, na masana'antar da ke Kent, kuma daga 1794 masu yin takarda a Ingila suka saba sa shekara tare da tambarin. Masu nazarin tsoffin littattafanmu na ajami da Larabci sun san wannan hanya, domin su ma da tambarin jinjirin wata uku na takardar Italiya suke kimanta shekarun rubutu. Abin lura shi ne tambarin yana nuna cewa ba a yi zanen kafin wannan shekara ba, amma bai hana a ce an yi shi bayan shekara goma, ko ma ɗan damfara ya sami tsohuwar takarda ya yi aiki a kanta ba. Tufafin mutanen da ke cikin zanen da halin da ginin yake ciki suna taimakawa: idan tsohon tsinin hasumiyar Chichester ne a tsaye, an ga wurin kafin ya faɗi a 1861.

Sa hannu kuwa shi ne mafi raunin hujja. Da yawa daga cikin zanen gaske ba su da shi, da yawa daga cikin masu shi kuma wani ne ya ƙara daga baya. Prout musamman an kwaikwaye shi ba iyaka, saboda ya buga littattafan koyon zane kuma ɗalibai suka riƙa kwafar su. Abin da ya fi sa hannu ƙarfi shi ne silsilar mallaka: wa ya saya daga wa, tambarin wane mai tarawa ne a baya, a wane kundin gwanjo ya taɓa fitowa. Gidajen gwanjo kuma suna da lafuzzan da suke bambanta "aikin wane ne" da "ana jingina shi ga wane" da "na almajiransa ne" da "kwafin aikinsa ne", kuma wajibi ne a karanta ma'anar kowanne a ƙarshen kundin kafin a ɗaga hannu.

Me ya sa sararin sama a wasu tsoffin zanen yake ja-ja ko ruwan ƙasa?

Haske ne ya ci shuɗin. Masu zanen wancan zamani sukan haɗa shuɗin baba da jan ƙasa domin su sami toka-tokar gajimare. Baba a jikin zane mai kauri yana jurewa, amma a siririn shafi a kan takarda rana tana kashe shi, jan ƙasa kuwa ba ya gushewa, sai a wayi gari hadarin da aka zana ya koma kamar ƙurar hunturu. Koren ganye ma yakan canza idan ɗaya daga launukan da aka haɗa ya gudu. Idan aka cire zanen daga firam aka ɗaga kwalin da ya rufe gefensa, sau da yawa akan ga siririn layi shuɗi shar a inda haske bai taɓa kaiwa ba, kuma wannan layin shi ne launin da mai zanen ya gani. Abin da ya koɗe ba ya dawowa. Tun a 1888 wasu masana biyu, Russell da Abney, suka gabatar da rahoton gwajin da ya tabbatar da illar haske ga waɗannan launuka.

Yaya ake adana shi?

Gidajen tarihi ba sa barin hasken da ke faɗa wa irin wannan zane ya wuce lux 50, wato haske mara ƙarfi kamar na ɗaki da magariba, kuma bayan 'yan watanni sukan sauke shi su mayar akwati. Henry Vaughan, da ya bar wa gidan zane na Edinburgh zanen Turner 38 a 1900, ya sa sharaɗin kada a nuna su sai a watan Janairu, lokacin da rana ta fi rauni a can, kuma launinsu yana nan da ƙarfinsa.

A gida, kada a rataya shi inda rana take bugawa, ko a bangon da yake jiƙa, ko kusa da madafa. A sa masa kwali mara asid da gilashi mai tare haske mai cutarwa, kuma kada gilashin ya taɓa fuskar zanen. Tsohon kwalin da aka yi da niƙaƙƙen katako yakan bar layi ruwan ƙasa kewaye da hoton, danshi kuma yakan jawo ɗigo-ɗigo masu kama da tsatsa da fumfuna. Wanda yake zaune a ƙasa irin tamu yana da ƙarin aiki, domin takardar da ta sha danshin damina ta kumbura, idan hunturu ya zo ta bushe ta takura, wannan kai da kawowa yana sa ta lanƙwashe, ga kuma gara da kyankyaso masu son manne. Akwati mai rufi a ɗaki na ciki ya fi bango aminci. Kada a sa salatif, kada a goge da tsumma mai laima, kada a gwada wanke tabo. Wannan aikin ƙwararren mai gyaran takarda ne.

Me ke sa wani ya yi tsada wani ya yi araha?

Suna ne kan gaba, sannan lafiyar launi, sannan silsilar mallaka da shaharar wurin. Wani zanen launin ruwa na Turner, na dutsen Rigi a Switzalan, an sayar da shi a kan fam miliyan 5.8 a 2006. A ɗaya gefen kuma zanen cocin ƙauye na wanda ba a san sunansa ba yakan tafi da kuɗi kaɗan a ƙananan gidajen gwanjo, wani lokaci a haɗe da wasu cikin ƙunshi ɗaya. Kasuwa tana biyan kuɗin hannu ne, ba ta cika biyan kuɗin shaida ba, shi ya sa ofisoshin adana takardun tarihi na gundumomi suke samun abin da suke nema da sauƙi.

Zuwan kyamara ya kashe wannan sana'a?

Ya rage ta, amma a hankali. An bayyana ɗaukar hoto ga jama'a a 1839, kuma ɗaya daga hotunan farko da Fox Talbot ya ɗauka a 1835 na wata taga ce a gidansa na Lacock, wanda shi ma tsohon gidan 'yan zuhudu ne. A 1851 gwamnatin Faransa ta tura masu ɗaukar hoto su kewaya tsoffin gine-ginenta. Sai dai hoton wancan lokaci ba shi da launi, kuma ba ya iya ɗaukar cikin coci mai duhu yadda ya kamata, saboda haka masu kwafar gilashi mai launi da zanen bango suka ci gaba da burushi har cikin ƙarni na 20. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ma, aka kafa wani shiri a ƙarƙashin jagorancin Kenneth Clark aka tura masu zane su zana wuraren da ake tsoron bam ko sauyin zamani zai shafe, suka yi zane fiye da 1,500, da yawa daga ciki coci-coci ne.

A ina ake iya ganin su?

A Landan, gidan Tate ne yake riƙe da abin da Turner ya bari, wajen takardu 30,000 har da littattafan aljihunsa. Gidan tarihin Victoria da Albert yana da zanen shirin lokacin yaƙi. Laburaren Birtaniya yana da na Grimm da da yawa daga na Buckler. Zanen Cotman sun fi yawa a Norwich da Leeds da Gidan Tarihin Birtaniya, na Wiltshire da Buckler ya yi wa Colt Hoare kuma suna gidan tarihin Devizes. A Amurka, cibiyar zanen Birtaniya ta jami'ar Yale tana da tarin da Paul Mellon ya bayar. Galibin waɗannan wurare sun ɗora hotunan zanen a intanet kyauta, kuma ana iya neman su da sunan mai zane ko sunan cocin. Wanda ya je da kansa kuwa kada ya yi tsammanin ganin su a bango, sai ya nemi izinin shiga ɗakin nazari tun kafin ranar, inda ma'aikaci zai kawo akwatin ya buɗe a kan tebur, kuma ba a yarda a shiga da alƙalamin tawada ba, sai fensir.